Notis ɗin mai gida da giɓin dubu sittin: shin tallafin gaggawa zai hana iyali watsewa a Kano?

Kusan kowane mako sai an ji irin wannan neman taimako a rediyo, ko an gan shi yana yawo a waya: wata baiwar Allah ce mai 'ya'ya biyar, miji ya rasu, kuɗin haya ya ƙare, mai gida ya ba ta mako biyu ta kwashe kayanta. A ƙasa a sa lambar asusu. Daga nan jama'a su rabu uku. Wasu su tura abin da ya sauwaƙa. Wasu su hau mai gidan da tsinuwa, alhali ba su ji ta bakinsa ba. Na ukun su yi tambayar da ba a son ji: to an biya mata bana, baɗi fa?

Tambayar nan ba rashin imani ba ce. Shin biya wa mutum haya sau ɗaya magani ne, ko zuba ruwa ne a rariya? In kuwa magani ne, wa zai riƙe kuɗin, wa zai nuna wanda ya cancanta: gwamnati, ko masallatai da ƙungiyoyin unguwa, ko su haɗa hannu?

Wane ne marar muhalli a Kano?

Da an ce marar muhalli sai hankali ya tafi ga masu kwana a ƙarƙashin gada, ko a rumfunan kasuwa da tashoshin mota. Akwai su, kuma a farkon 2025 an ga Hisbah tana kwashe yaran da ke kwana a irin waɗannan wurare. Amma su ne 'yan kaɗan da ido ke gani.

Bakano bai cika kwana a titi da iyalinsa ba, don zumunci bai mutu ba tukuna. Abin da ke faruwa shi ne gida ya watse. Matar ta koma ɗakin tsohuwarta da ƙananan yara. Manyan a rarraba su, wannan gidan kawu, wancan gidan goggo, wani a tura shi almajiranci ba don an shirya hakan ba. Maigidan ya riƙa shimfiɗa tabarma a shago in an tashi, ko a soron aboki, ko ya samu gadin kango a bayan gari inda babu ƙyaure babu banɗaki. Kowa yana da rufi a kansa, gida ne babu. In jami'i ya zo da takarda yana tambayar ina kake kwana, kowannensu yana da amsa, don haka babu wanda zai shiga lissafi.

Shi ya sa ake cewa wai wannan matsalar Turawa ce, mu muna da dangi. Muna da su. Sai dai dangin ma a ɗaki biyu suke, kuma raɓe yana da wa'adi. Watan farko ana marhabin, na uku an fara kallon tukunya.

Yadda ɗan giɓi ke rusa gida

Haya a Kano, kamar a sauran manyan biranen Najeriya, galibi ta shekara ce, a biya a dunƙule. Shi kuwa ɗan haya samunsa na yini ne ko na wata. Mai adaidaita sai ya cire balas da kuɗin mai kafin ya ga na cefane. Ƙaramin ma'aikacin jiha yana kan mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da aka amince da shi a ƙarshen 2024. A ce, don sauƙin lissafi, ciki da falo a Kurna ko Sheka naira 200,000 ne a shekara. Albashin kusan wata uku ke nan cur, ba ci ba sha, a rana ɗaya.

Mutane sun saba iya wa wannan da dabara: adashi, asusun katako, tunkiyar da aka ɗaure a tsakar gida, ɗan kunnen uwargida. Dabarar tana tafiya muddin shekara ta zo lafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, abin da ake tarawa ya fara shiga tukunya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ke rayuwa a haka ba sai babban bala'i zai kayar da shi ba. Tiyata ɗaya, ko mashin da aka sace, ko gobara a shago, ko katangar ƙasa da ta zauna a tsakiyar Agusta, ta isa.

A lungunmu na gani da idona. Wani tela ne, mutumin sahun farko, shekara shida yana haya a gidan da ke kallon namu, a soron gidan ma yake ɗinki. Matarsa ta zo haihuwa aka ce sai an yi aiki, wani ɓangare na kuɗin hayar ya tafi asibiti. Bai gaya wa kowa ba. Mu dai wata rana mun fito sallar asuba muka tarar da kura biyu a ƙofar gida, an ɗora katifa da kwanuka da keken ɗinki, yara na tsaye da barci a idonsu. Da duhu ya zaɓi tashi don kada a gani. Liman ya kama hannunsa ya ja shi gefe.

"Haba Malam, kullum muna tare sau biyar, ka kasa buɗe baki?"

"Allah gafarta Malam, da wane bakin? Kowa da tasa yake ji."

"Nawa ne ya rage?"

Ya sunkuyar da kai. Dubu sittin ce. A watan kuwa kwamitin masallaci yana tsakiyar karɓar gudummawar sauya kafet, kuma abin da aka tara ya ninka haka. Ba rowa ce ta hana mu ba. Babu wanda ya sani, kuma ba a taɓa nuna wa mutum wata ƙofa aka ce in ta matse ka ga inda za ka ƙwanƙwasa ba tare da duniya ta ji ba.

Dubi abin da dubu sittin ɗin ta koma bayan an tashi. Kafin ya sake haɗa iyalinsa sai ya nemo kuɗin shekara cif na sabon wuri, a sabon farashi, ga la'adar dillali, ga kuɗin kwasar kaya, ga gyaran da ba a rasawa. Soron da yake sana'a ya tafi tare da gidan, masu kawo masa ɗinki sun koma wani wajen. Yara sun bar islamiyyarsu. Da aka shafe watanni, surukai suka fara aiko da saƙo: ko ya nemo ɗaki, ko ya sauwaƙe mata.

Me ake nufi da tallafin gaggawa?

Kuɗi ne ƙayyadadde da ake bayarwa sau ɗaya, cikin 'yan kwanaki, don toshe giɓin da zai raba mutum da matsuguninsa. Ba jari ba ne, ba alawus na wata-wata ba ne, ba kuma rabon shinkafar azumi ba ne. Masu gudanar da shi kan duba ko korar ta tabbata, ko abin da ya jawo ta wata tsautsayi ce mai wucewa, sannan ko mutumin zai iya ci gaba da riƙe kansa in aka ɗauke masa wannan nauyin. Yawanci ba a damƙa masa kuɗin a hannu, ana biyan mai gida ne kai tsaye a karɓi rasit. Wani lokacin ma ba haya ba ce: kwano ne da iska ta yaye, ko cikon kuɗin ƙaramin ɗaki ga wanda ya yarda ya sauko daga ciki da falo.

Duk armashinsa yana ga sauri. Tallafin da sai an cike fom, an kai hoto, an jira kwamiti ya zauna bayan sallah, ya zama gaisuwar ta'aziyya.

Abin da aka gani inda aka gwada

A birnin Shikago na Amurka akwai layin waya da wanda ke fuskantar kora ke kira, a haɗa shi da ƙungiyoyin agaji masu asusun gaggawa. Asusun wata rana da kuɗi, wata rana wayam, kuma mai kira bai san wace rana ya faɗa ba. Masu bincike, ciki har da na Jami'ar Notre Dame, suka bi kimanin mutum 4,500 da suka kira tsakanin 2010 da 2012, suka kwatanta waɗanda suka dace da ranar kuɗi da waɗanda suka kira ranar babu. Sakamakon ya fito a mujallar Science a 2016: yiwuwar mutum ya tsinci kansa a gidan kwanan marasa galihu cikin wata shida ta ragu da kashi 76 cikin 100 ga waɗanda suka kira ranar da akwai kuɗi, kuma abin da ake bayarwa bai wuce wajen dala 1,000 ba. Daga baya aka sake gwadawa a gundumar Santa Clara da ke Kalifoniya, wannan karon da ƙuri'ar sa'a ake zaɓar wanda za a ba, ana ba da kusan dala 2,000. Raguwar ta kai kashi 81 a wata shida, kashi 73 a shekara.

Masu tallata shirin a nan suke tsayawa, amma akwai sauran magana. A Shikago, ko a cikin waɗanda suka kira ranar babu, kusan mutum 2 ne kacal cikin 100 suka ƙare a gidan kwanan. Sauran sun nemo mafita, ko ta rance, ko ta dangi, ko ta lallashin mai gida. Ke nan yawancin waɗanda aka bai wa kuɗin da ma ba za su kai ƙasa ba. Wannan bai rushe amfanin shirin ba, don ko waɗanda suka tsira da rance sun tsira ne da rauni. Amma ya nuna inda wuyar aikin take: gane wanda in ba a tare shi ba tabbas zai faɗi. Kuma ma'aunin Amurka ba zai yi mana aiki ba. Mu abin da za mu auna shi ne, bayan shekara, uba da uwa da yara suna ƙarƙashin rufi ɗaya ko a'a.

Ingila ta bi ta hanyar doka. Dokar da ta fara aiki a Afrilu 2018 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su shiga maganar duk wanda zai iya rasa gidansa cikin kwana 56 masu zuwa, tun kafin kura ta iso ƙofa.

Me ya sa sai da mutanen unguwa?

Gwamnati tana da kuɗi da doka, ido ne ba ta da shi a lungu. Rajistar talakawa hoto ne da aka ɗauka wata rana aka ajiye, kuma telan lungunmu ba zai taɓa shiga ciki ba, don ranar da aka zo rubutawa yana cin tuwonsa da nama. Wanda ya fara sanin gida ya shiga matsi shi ne mai shagon lungu, da ya ga shafin mutum a littafin bashi yana tsawo. Sai uwar adashi, da aka fara ba ta haƙuri ranar zubi. Sai malamar islamiyyar matan aure, sai maƙwabciyar da ake hira da ita ta kan katanga. Namiji zai iya haɗiye maganarsa har ta kashe shi, amma da wuya a ce babu mace ɗaya a layin da ta sani. Duk kwamitin da babu mata a cikinsa, da ido ɗaya yake aiki.

Sai dai masu tsoron a miƙa wa unguwa kuɗi ba su yi ƙarya ba. Sanin mutane shi ne kuma ƙofar son kai. Ɗan uwan sakatare ya riga kowa, ɗan jam'iyya ya bi baya, masallaci ya fifita mai irin aƙidarsa. Baƙo kuma fa? Wanda ya gudo daga Zamfara ko Borno ya kama ɗaki a Rimin Kebe bai san kowa ba, kuma shi ya fi kusa da titi. Mazauna Sabon Gari suna da coci-cocinsu da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da suka daɗe suna irin wannan aiki, kuma duk shirin da zai amsa sunan na Kano dole ya lissafa da su. Ga kuma cutar zamani: a miƙa wa bazawara ambulan ana ɗaukar hoto. Wanda ya ga an yi wa maƙwabciyarsa haka, gara ya kira mai kura da asuba.

Ita ma gwamnatin ba ta da bakin cewa a bar mata. A Janairu 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai ta tarayya bisa zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mutum, kuma mutane ba su manta ba.

A ganina mafita ita ce kada hannu ɗaya ya yi komai. Mai nunawa daban, wato mutanen unguwa. Mai tantancewa daban, wanda zai ga notis da tsohon rasit ya kuma zauna da mai gida, zai fi kyau ya fito daga wata unguwa. Mai biya daban, ta banki, da sa hannun mutum biyu, kai tsaye asusun mai gida. A ƙarshen wata a liƙa lissafi a bango: nawa ya shigo, gida nawa aka biya wa, nawa ya rage. Adadi a fili, suna a rufe.

Shi mai gidan fa?

Mun saba zana shi a matsayin Alhaji mai tumbi da gidaje goma. Akwai irinsa. Amma da yawa daga masu gidajen haya a Kano 'yan fansho ne, ko gwauruwar da aka bar wa ɗakuna uku, ko magada goma sha biyu da ke jiran a raba musu kuɗin shekara. Na taɓa jin wata dattijuwa tana gaya wa ɗan hayarta a gaban mai unguwa: "Ɗan nan, ba mugunta ba ce, da kuɗin nan nake ciyar da marayun da ka gani." Ayar Baƙara ta 280 ta ce a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma wani mai gidan shi ma ƙuncin yake ciki. Tallafin gaggawa mutum biyu yake ceta a irin wannan hali.

Ta fuskar doka, abin da dokokin haya na Najeriya suka fi tafiya a kai, in babu wata yarjejeniya a rubuce, shi ne mai hayar wata a ba shi notis na wata guda, mai hayar shekara wata shida, sannan wani notis na kwana bakwai kafin a tafi kotu. Wanda wa'adinsa ya riga ya cika ko bashi ya taru masa, hukuncinsa na iya bambanta, amma ko ta yaya kotu ce ke fitar da mutum. Cire ƙyaure, yaye kwano ko watso kaya waje ɗaukar doka ne a hannu. Da yawan "mako biyu" da ake ji a rediyo barazana ce kawai, kuma zaman sulhu a gaban mai unguwa ko a ofishin Hisbah kan samar da watannin da ake buƙata ba tare da an kashe sisi ba.

Akwai haɗari ɗaya da ba a cika faɗa ba. In masu gidaje suka gane akwai asusun da ke biya, wasu za su riƙa gaggawar ba da notis, wasu su ƙara kuɗi, wasu ma su haɗa baki da ɗan haya a raba. Don haka kada a biya sai da sharaɗi a rubuce: an janye notis, ba ƙari a wannan shekarar, in da hali ma a yafe wani abu.

Kuɗin daga ina?

Kano ba ta rasa su ba. Ayar Tauba ta 60 ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka, cikinsu akwai faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne, kuma bashin haya bashi ne. Jihar tana da Hukumar Zakka da Hubusi (wato waƙafi) tun 2003. Matsalar ita ce yadda muke fitarwa. Masu hali sun fi fitarwa a azumi ko farkon shekarar Musulunci, a tsinka ta ƙanana-ƙanana a ambulan, a tara jama'a a ƙofar gida. A Maris 2024 an rasa rayuka a turmutsutsun irin wannan rabo a Bauchi. Ita kuwa haya ba ta san azumi ba, ranarta ranarta ce. Zakkar ɗan kasuwa ɗaya na Kwari ko Dawanau, da aka raba wa mutum ɗari biyu kowa ya ci kwana biyu, za ta iya tsayar da gidaje goma a kan ƙafarsu.

Abu ɗaya da masu gidaje ke yawan kuskurewa: mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, ba su yarda mutum ya yafe bashin da yake bin talaka ya lissafa shi a zakkarsa ba. Yafiyar sadaka ce mai lada, zakkar tana nan a wuyansa. Saboda ƙa'idojin zakka ne ma ya kamata asusu ya zama aljihu biyu, na zakka daban, na sadaka da gudummawar gwamnati daban, wanda za a iya ba da rance marar ruwa daga ciki ga irin telan da ya fi son ya biya a hankali da a ce an ba shi.

To, baɗi fa?

Ga telan, amsar mai sauƙi ce: baɗi zai biya da kansa, kamar yadda ya yi shekara shida. Ga matar da muka fara da ita, mai marayu biyar ba sana'a, masu tambayar suna da gaskiya. Samunta bai kai hayar ba, bana ko baɗi, kuma biya sau ɗaya jinkiri ne kawai. Jinkirin yana da amfani in an yi aiki da shi, a nemo ɗaki mai sauƙi, a bi haƙƙin yaran a gado, a kira dangin uba su ɗauki nasu nauyin. Amma maganinta na dindindin gidajen hubusi ne da haya mai rahusa, kuma rukunan gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo ba don mai neman ɗaki ɗaya aka gina su ba.

Wata korar ma ba kuɗi take nema ba. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saki daga ɗakinta kafin ta gama idda, kuma a Malikiyya mai takaba tana da haƙƙin zama in gidan na mijin ne ko ya riga ya biya hayarsa. A Kano kuwa sau nawa ake miƙa takarda da la'asar, motar kwasar kaya ta iso kafin magariba? Nan malami da alƙali ake buƙata, ba ma'aji ba.

Bayan tashin telan, masallacinmu ya buɗe ɗan littafi na daban. Liman ya kafa sharaɗin ba a karanta sunan kowa, kuma mutum uku ne kawai ke ganin shafin. Har yau babu magidancin da ya zo da ƙafarsa ya ce a taimake shi. Duk waɗanda aka gano, ta bakin mata aka ji, sai ɗaya da mai shago ya raɗa wa na'ibi. A zaman da ya wuce gida biyu ne a gabansu, wani direba da ya karye a hatsari da wata mai takaba, kuɗin kuma na gida ɗaya ne. Ma'aji ya ce direban, don shi zai warke ya riƙe kansa, ƙila ma ya dawo da kuɗin. Malamar islamiyya ta ce in aka bar mai takabar, a satin nan za a raba yaranta. An yi isha'i ba su daidaita ba, aka ce na'ibi ya je ya sake ganin masu gidajen biyu da safe.